Senobara 'Yar Kunomaro, Wadda Ta Hana a Ci Kaza a Gidanta

Haihuwa da Nasaba

An haifi Senobara shekara biyar kafin jiragen ruwan Rumawa su iso Biritaniya, a tsohon birninmu na kan tudu, wanda a yau ba mai kwana cikinsa sai tumaki. Mahaifinta shi ne Kunomaro maƙeri, mahaifiyarta kuwa Lobarna, daga zuriyar da tun kaka da kakanni aka damƙa wa amanar kajin ƙabila. A wancan zamani ba ɗan halak ɗin da zai kai naman kaza ko na zomo bakinsa, domin na alloli ne, kiwonsu ake yi ana girmama su. Abincin jama'a gurasar sha'ir ne da wake da cuku da madara, ranar biki a yanka alade a sha giyar zuma. Mun ambaci wannan ne saboda yaran yanzu, da suke tsammanin tun fil azal kaza ta tukunya ce.

Tasowa

Tana 'yar shekara shida aka kashe mahaifinta a ƙofar birni, ranar da Rumawa suka ci garin. Ba ta taɓa zama gaban malami ba, iliminta duka daga mahaifiyarta ta ɗauke shi: niƙa, da haɗa cuku, da sanin kowace kaza da halinta. A shekara ta goma sha biyar bayan zuwan Rumawa mahaifiyar ta rasu, amanar kajin ta dawo hannunta, a daidai lokacin da manyan gari suka fara lashe yatsu a teburin baƙi.

Aure da Zuriya

A shekara ta goma sha bakwai bayan zuwan nasu ta auri Farsomeri, tsohon sojan Rumawa, mutumin bakin kogin Rayin, bisa sharaɗi guda: ba za a fige gashin kaza a gidanta ba. Ya karɓa, ya kuma cika har ya bar duniya, sai dai kifi, wanda shi ma mutanenmu ba sa ci, da yake ci a ɓoye a bayan rumbu, ita kuwa ta yi kamar hancinta ba ya aiki. Sun haifi 'ya'ya biyar: Bindako, da Okoneya, da Enika, da Gambako, da auta Sabina.

Harsuna uku ake yi a gidan. Uwa ta yi faɗa da namu, uba ya nemi giya da nasa, ciniki kuwa sai da Latin na Rumawa, yaran suka tsinto daga kowanne suka gauraya, har maƙwabta kan ce su kaɗai suke jin junansu. Da wata dattijuwa ta yi mata gorin cewa 'ya'yanta sun lalata harshen iyaye, cewa ta yi, "Ke rabu da ni, baba. Su kwaso magana daga inda suka ga dama, ba wanda aka yanka. Abin da zai shiga bakinsu nake tsaro, wanda zai fito can ta matse musu."

Shekarar Yunwa

A shekara ta talatin da ɗaya ruwa ya yi yawa, sha'ir ya ruɓe a gona, annoba ta kwashe tumaki. Gidaje da dama suka rufe ƙofa suka dafa kajinsu, suka binne ƙasusuwan. Senobara ta ƙi. Ta ciyar da iyalinta da 'ya'yan itacen daji da saiwoyi, kaji na yawo a tsakar gida. Enika, wadda da ma ba ta da ƙarfin jiki, ta kwanta ciwo, sai Bindako, yana ɗan shekara goma sha biyu, ya kamo kaza ya zo gaban uwarsa da wuƙa.

"Inna, guda ɗaya tak. Romon kawai za ta sha."

"Sake ta. Ba tamu ba ce."

"To ita Enika ta wa ce?"

Karɓe wuƙar ta yi. Enika ta rasu kafin sanyi ya wuce. Ko romon zai tashe ta, ba wanda ya sani, kuma duk mai cewa ya sani maƙaryaci ne. Abin da aka sani shi ne uwar ta yi kukan da ba a taɓa jin irinsa a unguwar ba, washegari kuma ta fito ta watsa wa kaji dusa.

Walimar Bindako

Harsunan nan uku su suka ɗaukaka Bindako. Ya zama tafinta a sabon garin Durnobariya, ya sami shaidar zama ɗan Rum, ya ƙara Filabiyus a sunansa. A shekara ta hamsin, bayan wafatin mahaifinsa, aka shigar da shi majalisar gari, ya shirya gagarumar walima, ya aika da keken doki aka ɗauko mahaifiyarsa aka zaunar da ita kusa da baƙi. Tana kan hanya ke nan bayinsa suka bi ta baya suka kwashe kajin gidanta, ba su bar ko ɗaya ba sai wasu 'yan tsaki da suka ɓuya a ƙarƙashin rumbu.

Da aka shigo da akussa, kaji jere cikin man zaitun, shi da kansa ya ajiye ɗaya a gabanta, ya ce da harshenmu yadda baƙi ba za su ji ba, "Ci, Inna. Naki ne. Na jima ina jiran in ga ko sama za ta faɗo."

Ta miƙe, ta naɗe akushin a mayafinta, ta amsa da Latin ɗinta na kasuwa, da ƙarfi, don kowa ya ji: "Ku ci lafiya, manya. Mai gidan nan ɓarawon kaji ne, kuma uwarsa ya yi wa satar." Daga nan ta taka da ƙafa har gida, ta haƙa rami ta binne abin da ta ɗauko.

Tsufa da Wafati

Daga 'yan tsakin nan ta sake tayar da garke, ta ci gaba da riƙon amanar da ba sauran mai tambayarta. Yara na yi mata waƙar tsiya a hanya, tana rama musu da sanda. Bindako ya aiko da alkama, ta mayar. Ya aiko da surukarta da jikoki, ta karɓi jikokin ta ba su cuku, amma ba ta tambayi ubansu ba.

A shekara ta sittin da biyu ciwon ajali ya kama ta. Bindako ya zo ya tsaya a ƙofa, kansa ya fara furfura, Okoneya ta shiga ta ce, "Inna, ga yaya a waje, yana kuka."

"Ni ma na yi," in ji ta. "Ja ƙofar, akwai iska."

Ta rasu da hantsi tana da shekara sittin da bakwai. An binne ta bisa tsohuwar al'ada, a kan gefenta, gwiwoyi a naɗe, tare da tulun giyar zuma da kaza guda da gashinta cikakke. Dutsen kabari mai rubutun Latin da Bindako ya saya yana nan jingine a wajen masassaƙa, domin ta yi wasiyya kada a ɗora mata shi.

Ta bar 'ya'ya uku, kamar yadda ta umarta a rubuta: Okoneya, matar wani mai dafa gishiri a bakin teku, da Gambako, soja a arewa, da Sabina, wadda kajin ke hannunta yanzu. Filabiyus Bindako yana nan da ransa a Durnobariya, kuma shi ya biya aka rubuta wannan tarihi, bai canza ko kalma ɗaya ba.