Kawu Iro Da Bai Yarda A Yafe Masa Haraji Ba

Duk wanda ya zauna a Makera ya san Kawu Iro Kafinta ba ya amsa sallama sai ya auna mutum. Zai dube ka daga hula zuwa takalmi, leɓensa na motsi, sannan ya ce, "Wa alaikumus salam. Ka biya harajinka?" Shi ke gyara makarar masallaci, shi ke yi wa Kiristocin Nasarawa akwatin gawa, to kun ga wannan kallo ba mai daɗi ba ne. Ni ɗan ƙanwarsa ne, a shagonsa na koyi riƙe zarto, kuma har ya bar duniya ban saba da kallon ba.

Dalilinsa ɗaya ne. A garinsu, da mahaifinsa ya tsufa, mai unguwa ya tausaya masa ya cire shi daga cikin masu biyan haraji. Tsohon bai ga Juma'ar gaba ba. Tun daga nan Kawu ya yanke hukunci: wanda hukuma ta daina nema, ƙasa ce ke nemansa.

Da soja suka sauka karon farko, farar hula suka hau, sai aka soke harajin kai. Gari ya ɗauki guɗa. Kawu kuwa ya je ya lodo katako cike da amalanke.

Na ce, "Kawu, wa ya ba mu aiki?"

Ya ce, "Sale, ba ka da hankali. An goge sunan gari gaba ɗaya. Bana akwai ciniki."

Amma don kansa bai yarda ba. Ya sa babbar riga ya tafi wurin mai unguwa da kuɗinsa a hannu.

"Malam Iro, ai an soke."

"Ranka ya daɗe, a soke na masu so. Ni ban shirya ba."

Allah ya taimake shi, ashe harajin masu sana'a yana nan. Ku tuna yadda ake yi in ma'aikatan haraji suka shigo layinmu: ƙofofi garam-garam, kowa ya ɓace. Kawu shi kaɗai ke bin su da keke yana kira. Ranar farko akawun, wani Mista Yohanna mutumin Nasarawa, gudu ya yi, ya ɗauka duka za a yi masa.

"Tsaya, ɗan nan! Rubuta ni!"

"Baba, lafiya kuwa?"

"Lafiyar nake nema. Rubuta!"

Daga nan suka ƙulla abota. Kawu ya koma mai wa'azi a layi: ku biya da wuri kafin damina ta kashe kasuwa, ku raba aljihun shago da na cefane, kada ku yi wa hukuma ƙaryar da za ta zama gaskiya. Audu Tela bai ji ba. Rannan ya hango Yohanna, ya shige ƙarƙashin teburin yanka, ya sa matarsa ta ce mai shagon ya rasu. Kawu yana ji. Ya ɗauko tef ɗin awo, ya shiga, ya durƙusa, ya ja ƙafar Audu ya miƙar.

"Innalillahi. Bai ma yi sanyi ba. Riƙe min nan, Yohanna."

Audu ya fito yana kyarma ya biya har da na bara. Washegari zazzaɓi ya kwantar da shi, ya sha da ƙyar. Kawu ya je dubiya ya ce, "Rasit ɗin nan ne ya riƙe ka."

To shekaru suka ja, ido ya tafi, hannu ya fara rawa, shagon ba ya kawo ko na goro. Yohanna ya zo da murnarsa, ya zauna a kan benci.

"Baba, na yi maka magana a ofis. Ba ka da abin da za a yanka wa haraji. An yafe maka."

Wallahi zarton da ke hannuna sai da ya tsaya. Kawu bai yi faɗa ba. Ya ce, "Na gode, ɗan nan." Da Yohanna ya tafi, Kawu ya ce in ɗauko makarar masallaci, wai ƙafarta ɗaya na lilo. Ya ɗaure ta da kansa, ya hau ya kwanta, ya motsa kafaɗa.

"Daidai. Ku dai kula da kwanar gidan Audu, akwai rami."

Na yi dariya, don ban san me zan yi ba. Ranar Alhamis muka ɗauke shi a kanta. Mun kula da ramin.

Yohanna ya zo gaisuwa, ya kasa shiga, ya tsaya a bakin shago yana kuka kamar yaro. Daga baya ya mayar da sunan Kawu cikin masu biyan haraji, yana biya daga albashinsa duk shekara. Shekarar da ya yi ritaya aka cire sunan, a shekarar na yi wa Yohanna akwati.

Ni ban ce komai ba, abin da na gani na faɗa. Yanzu ga farar hula sun sake dawowa, ana ta alkawarin sauƙi. Ni dai na tsallaka gada zuwa ofishin haraji na biya nawa tun kafin a tambaya.

Allah ya jiƙan Kawu Iro, ya haskaka kabarinsa. A nan ya ƙi yafiya. Ya Ubangiji, a can ka yafe masa duka, ka sa ya karɓa.