Azarar Zauren Kawu Nomau

Sakkwato zuwa Sabon Birni

A shekara ta biyu ta fari mahaifiyata ta aike ni Turba in ɗauko yayanta, Kawu Nomau magini, domin labarin yunwar da ke zuwa daga can ya hana ta barci. Ina idar da sallar asuba na shiga wata tsohuwar akori-kura mai zuwa Sabon Birni. Bayan Goronyo aka tsayar da mu a shinge, aka zazzage buhuna ana neman hatsin da ake ƙetarawa Nijar. Direba ya ce, "Ranka shi daɗe, ina munka ga hatsin balle mu kai wa wani?" Aka ɗaga mana sanda.

Gonaki fayau. Gulbi ya koma rairayi, mata na tono a tsakiyarsa da ƙoƙuna.

Sabon Birni

Mun iso da hantsi. A kasuwa layin hatsi kusan wayam, amma bayansa ga azara jibge, wato itacen giginyar da ake rufin soro da shi. Duk ta yi baƙi da hayaƙin shekaru. Na tambayi dillali daga ina.

"Daga bisa kawunan mutane," in ji shi. "Wagga ta Gangara ta, waccan ta Kurawa. Mutum shi kware ɗakinai, shi sai tiyar gero."

Na kwana gidan wani abokin babana. Matarsa ta kawo kwaɗon tafasa da garin rogo tana ta ba ni haƙuri, ni kuwa na cinye tas.

Isa zuwa Turba

Washegari na bi motar 'yan kasuwa zuwa Isa, daga nan amalanken shanu ya ƙarasa da ni, shanun suna tafe suna hutawa.

Duk ƙasar an san zauren Kawu. Yana saurayi ya tafi Makka a ƙasa, ya yi gini a Damagaram, ya ga hasumiyar Agadas, ya ga gidajen Jidda masu tagogin katako. Da ya dawo sai ya zuba abin da idonsa ya kwaso a zaure guda: bakan gizo biyu na gini, masu riƙe rufi, sun gicciye a sama, ƙananan tagogi masu raga da ya yi da laka, ga zane a fuskar bango kamar aikin wuyan babbar riga. Muna yara mukan kwanta a ƙasa mu yi ta kallon rufin.

Na iske shi a kan wannan rufin, da sangwami a hannu yana tone ƙasar rufin.

"Kawu, me kake yi haka?"

"Ɗan Hajo, kai na? Matsa baya, ƙasa na zuba."

Da ya sauko muka gaisa, ya ce bakuna goma sha ke ci a gidan, har da ɗiyan maƙwabcinsa da ya tafi cin rani bai dawo ba. Awaki sun ƙare. Saura azara. Bai yarda kowa ya taɓa ba, shi ya ɗaura ta, shi zai kwance. Na tuɓe riga na riƙa karɓa. Kowace ya zaro sai ya shafa ta da tafin hannu kafin ya miƙo. Da baka na farko ya faɗi, matarsa Inna Kulu ta juya ta shige cikin gida. Shi kuwa ya daɗe zaune a kan bango.

Bayan la'asar na isar da saƙon mahaifiyata.

"Gaya mata na gode. Tafi da Kulu da ƙananan. Ni ba ni zuwa."

"Kawu, me ya rage maka nan?"

Ya nuna gari da haɓa, soraye birjik babu rufi. "Duba. Duk mun kware kanmu. Ran da Allah yas sako ruwa, wa za shi yi ma mutanen ga rufi?"



Komawa gida

Da kuɗin azarar aka auno gero, aka bar masa da sauran gidan. Muka biyo ta Isa da Inna Kulu da jikokinta, ƙaramar tana kwance a cinyata har Sakkwato. Mahaifiyata ta leƙa bayanmu, ba ta ga yayanta ba. Na faɗa mata abin da ya ce. Ta share ido da gefen mayafi, ta tashi ta ɗora tukunya.

Damina ta gaba ruwa ya sauka. Wani ɗan Turba ya zo mana da labari: Kawu na nan da ransa, yana bin gida gida yana rufi da kara da ɗan itacen da aka samu. Nasa zauren ne bai kai gare shi ba tukuna.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni, ya kuma raya tsohon nan har ya ga ruwa.