Ita Ta Gida Ce

Tun kafin in fara karatun, mutanenmu sun riga sun ba ni digirin. A garin Clinton, inda muke zaune a ƙasar waje, babu suna ko walima ko zaman makoki da zan je ba a ce "ga likitarmu nan" ba. Ni kuwa nas ce kawai, a wani asibiti a unguwar Northwest, ɓangaren masu ciwon zuciya. Amma da na ajiye jaka sai ka ga wata tana naɗe hannun riga tana matsowa, don kowa ya san abin awon jini ba ya rabuwa da jakar nan. Wata ta miƙo robar maganinta in karanta mata, wata ta ja ni banɗaki ta nuna min ƙurji a inda ko mijinta bai gani ba. Ban taɓa ƙosawa ba. Gaskiya ma daɗi nake ji, kuma daɗin nan ne ya mayar da ni makaranta bayan furfura ta fara leƙowa.

Karatun da na shiga shi ne wanda ke mai da nas ta riƙa duba marasa lafiya da kanta, daga jinjiri har kakarsa, ta gano ciwo, ta rubuta magani. Darussan ba su ba ni wahala ba, rabinsu ma a cikin jirgin ƙasa na metro na haddace su a tsaye. Inda gizo ke saƙar shi ne koyon aiki. Dole sai kin yi watanni a wani kilinik, ƙarƙashin likita ko wata nas da ta riga ta gama, ana kallon hannunki. Makarantarmu kuma ta ce kowa ya nemo wanda zai ɗauke shi. In zango ya buɗe ba ki samu ba, sai ki zauna jiran baɗi, 'yan ajinku su wuce su bar ki.

'Yan ajinmu suka duƙufa buga wa baƙi waya, ana kashe musu layi a kunne. Ni tausayinsu ma nake ji, don ina da Likita. Dattijo ne ɗan garinmu, yana da kilinik ɗinsa a nan Clinton, kuma kusan duk Bahaushen da ke yankin wajensa yake zuwa. Shi ya ɗauko maigidana daga filin jirgi ranar da ya sauka ƙasar nan, a gidansa ya zauna har ya samu aiki. Yaya yake ce masa, kuma har yau ba ya iya zama a kujera ɗaya da shi.

Matar ƙane ba ta tunkarar yayan miji da buƙata kai tsaye, don haka maigida na aika. Ya dawo yana murmushi ya ce, "Ya ce ba komai, Allah Ya kai mu lokacin."

Ni Bahaushiya ce, na san ba komai iri-iri ce. Amma mutumin da ya yanka ragon sunan 'yata, me zai sa in yi masa mummunan zato? Na kwanta da kwanciyar hankali.

Ana cikin haka wata abokiyar aikina ta ce min akwai gurbi a wani kilinik a garin Alexandria, in ina so ta yi min magana yau ɗin nan. Na kawo wa maigida zancen muna cin abinci. Ya ajiye cokali.

"Haba, bayan mun riga mun yi wa Yaya magana? In ya ji kin tafi wajen bare, da wane ido zan kalle shi?"

Na ce to ya tuna masa mana. Ya ce babba ba a matsa masa, ai ya ji. Washegari na ce wa abokiyar aikina na gode, na riga na samu.

Duk tsawon jiran nan, kowace Asabar ina gidan Anti. Ita ce babbar matanmu a nan, ita ke tsara kowane biki, ita ke zaɓen anko, in ta yi magana an gama. Ciwon suga ya huda mata ƙafa, ni nake zuwa in wanke, in ɗaure. Nakan durƙusa a kan kafet ɗinta, ƙafarta a cinyata, ina ba ta labarin karatuna da kilinik ɗin Likita da zan fara zuwa. Takan dafa kaina ta ce, "Allah Ya sa ki gama, 'yata, mu huta da turancin asibiti." Shi kuma Likita in mun haɗu sai ya amsa gaisuwata da fara'a, ya ce, "Ya karatu?" In ce alhamdu lillahi. Sai wayarsa ta yi ƙara, ko wani ya kira shi.

Zango ya buɗe, ba a kira ni ba. Makaranta ta cire sunana daga 'yan koyon aiki na shekarar. Na koma wajen abokiyar aikina da kunya, ta ce gurbin ya daɗe da tafiya.

A wajen wani suna na ji gaskiyar, a kicin, ni da matar Likita muna tuyar masa. Ta jira sauran suka fita da faranti, sannan ta rage murya.

"Ƙanwata, don Allah kar ki ga laifinsa. Mata ne suka same shi har ofis, Anti ce a gaba. Sun ce ke ta gida ce. In kina kilinik ɗin za ki san ciwon kowa, har na mazansu. Sun ce gara bare, wadda ba za su haɗu da ita a wajen biki ba."

Na ce, "Yaushe aka yi haka, Hajiya?"

"Tun farkon maganar. Shi kuma wallahi ya kasa buɗe baki ya gaya wa ƙanensa. Kin san shi da kara."

Na ci gaba da juya masa a tanda, don in na tsaya za ta ƙone. Raina kuwa ya riga ya ƙone. Wane ciwon ne nasu ban sani ba? Na san wadda ke shan maganin damuwa tana cewa na ciwon kai ne. Na san wadda ta yi ɓari ta ce wa dangin miji zazzaɓi ne. Shekara da shekaru ina ɗauke da waɗannan, ko maigidana bai taɓa jin ɗaya ba. A banɗakin gidan biki ni amintacciya ce, a ofis da farar riga kuma na zama mai kai gulma. Ban ce ba su da hakkin zaɓen wanda zai duba su ba, suna da shi. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne, cikin mutanen nan duka babu wanda ya iya ba ni kyautar a'a tun da sauran lokaci. Kowa ya tsare kunyarsa, ni na biya da shekarata.

Da na gaya wa maigida, ya ce in yi haƙuri, haka Allah Ya so. Ranar Juma'a kuma ya riƙe wa Yaya takalmi a ƙofar masallaci kamar kullum.

'Yan ajinmu suka gama, na ga hotunansu da hula a waya. Da shekara ta zagayo na kira kilinik ɗin nan na Alexandria da kaina, ban aiki kowa ba. Wata nas Ba'amurkiya ta ɗauka, ta yi min tambayoyi, ta ce in zo Litinin. Ba ta san garinmu ba, ba ta taɓa cin abincina ba.

Da na gama, Anti ce ta shirya min walima. Ita ta fitar da anko, shuɗi mai ratsin zinariya. Ta miƙe a gaban mata da sandarta ta ce yau 'yarmu ta fitar da mu kunya, an samu likita a gida. Aka yi ta guɗa. Na yi murmushi har kumatuna suka gaji.

Da aka fara watsewa sai ta yafito ni gefe, ta naɗe hannun riga. Na ciro abin awon, na ɗaura mata, na matsa. Jinin ya hau sosai.

"Faɗa min a hankali, kar a ji," in ji ta.

Na raɗa mata a kunne. Na ce lallai ta je ta ga Likita gobe da safe, kada ta bari ya kwana biyu.

"Haba 'yata, yanzu ai ke ma kina rubuta magani. Ki rubuta min mana, ki hutar da ni layi."

Na kwance abin daga hannunta, na naɗe igiyar, na mayar cikin jaka.

"Ni ta gida ce, Anti," na ce mata. "Ki je wajen Likita."