Mako Shida a Gaban Ɗalibina

Mun bar Lakwaya bayan sallar asuba, ni da wani maƙwabcina mai koyarwa a Islamiyya, hanya duk laka saboda ruwan da aka kwana ana yi. Babur ya kai mu Gwarzo. A tasha muka sha kunu da ƙosai, ƙosan nan ya ƙanƙance, sai ka haɗa biyu kafin baki ya san an sa masa wani abu. Daga nan muka shiga motar Kano, muka ce a sauke mu a Kabo. Kuɗin mota ya ɗara na bara. Direba ya ce laifin fetur ne, muka ce Allah Ya kyauta.

Abin da ya fitar da ni gida a tsakiyar damina, na bar wa 'ya'yana gona, shi ne karatun Larabci na mako shida da ake yi lokacin dogon hutu a wata makaranta ta wajen Gammo. Ina da izu sittin a ka, na fi shekara talatin ina koyar da allo, wasiƙa kuwa da ajami nake rubutawa. Amma da Balarabe zai yi mini magana, sai dai in ce masa amin. A gafakata akwai wata takarda da mahaifina ya rubuta da Larabci ranar da ya kai ni gaban malamina. Malam ya mayar mini da ita ranar saukata. Baƙaƙen na san su ɗaya bayan ɗaya, ma'anar ce ban sani ba, kuma kunya ta hana ni kai wa wani ya fassara, ni da gari ke kira Malam. Ina so in ji abin da Baba ya ce, da kaina, kafin idona ya gaza.

Hanyar Kabo kore shar. Gero ya fara fitar da kai, mata suna gasa masara a bakin titi, mai mota yana kauce wa rami yana faɗa wa wani.

Dokar makarantar guda ce: Hausa a bakin ƙofa take tsayawa. Wanda ya kuskura ya yi ta, sai ya share masallaci. A makon farko maƙwabcina ya share shi sau huɗu, har ya gano inda ake ɓoye tsintsiya mai kyau. Tuwon masara muke ci da miyar kuka, kuma mai son ƙari sai ya roƙa da Larabci. Nan na ga mutane sun koyi wadatar zuci.

Ranar farko malamin ajinmu ya shigo, matashi ne da ya yi karatu a Sudan. Yana ganina ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Ashe yaron da na koya wa babbaƙu da farfaru ne a zaurena.

Tun daga ranar, duk abin da na faɗa sai ya ce, "Ahsanta, ya shaikh," wato ka kyauta. Mako biyu ina kyautawa, har na fara zaton ina da wata baiwa da ban sani ba. Sai ranar nan maƙwabcina ya maimaita maganar da na yi jiya, bai canza komai ba, aka gyara masa wuri uku. Da la'asar na ɗauko takardar Baba na duba. Ma'anarta tana nan a rufe kamar yadda na zo da ita.

Ranar Juma'a na yanki tsumagiyar darbejiya, na jira malamin ajinmu a wajen ƙofa, inda Hausa ta halatta.

"Ungo," na ce.

"Ta mece ce, Allah gafarta Malam?"

"Da irinta na koya maka. Lokacin da kake cakuɗa mini baƙi, ka taɓa jin na ce ka kyauta?"

Ya sunkuyar da kai yana danne dariya. "Wallahi bakina ba zai iya ba. Ni in ce kun yi kuskure, a gaban jama'a?"

"Saura mako huɗu. In na koma yadda na zo, ba girmama ni ka yi ba, cutata ka yi."

Ya karɓa da hannu biyu.

Dabara ya samo. Baki ba ya cewa komai, amma in na yi kuskure sai ya buga tsumagiyar a kan tebur, in sake, ya sake bugawa, har in dace. Teburin nan ya sha duka, Allah Ya ba shi haƙuri. A mako na biyar na kafe a kan wani kuskure, ya manta kansa ya daka mini tsawa: "La!" Wato a'a. Nan take ya dafe baki. Ni na ce alhamdu lillahi, yanzu na samu malami.

Ranar dawowa mun tarar gero ya yi ido, farashin masara gasasshiya ya sauka. Ban buɗe takardar a hanya ba. Sai da na isa gida, aka gama barka da zuwa, na zauna a zaure bayan la'asar da ƙamus a gefena. Na daɗe a kanta. Bayan sallama da gaisuwa, ga abin da Baba ya rubuta wa malamina: "Ga ɗana nan. Yana da nauyin fahimta, amma ba ya gajiya. Na roƙe ka don Allah, kada ka ƙyale kuskurensa don ganin idona."

Shekara hamsin ina yawo da ita ina zaton addu'a ce. Tafiyar nan ta koya mini cewa wanda ya gyara ka ya fi mai yabonka ƙaunarka, ko da kai ka koya masa riƙon allo. Na naɗe takardar, na ɗaga hannu na yi wa Baba addu'a da Larabci, wannan karon ina jin kowace kalma da nake faɗa.