Ranar da Yaya Sale Ya Kira Sunan 'Yarsa

Unguwar Nuzla, 5:50 na asuba

Ana sallame salla na fito da iƙamominmu, wato katunan izinin zamanmu a ƙasar Larabawan nan, da takardar gwajin jini. Alhamis ce. Gobe walimar Hafsa, 'yar yayana Sale, kotu kuwa in ta rufe yau sai Lahadi. In babu takardar aure, babu biki. Ni ne waliyyi kamar yadda muka gada: uba ba ya ba da 'yarsa, ƙaninsa ke bayarwa. Na ɗauki Hafsa da ango Nura da shaidu biyu, tasi biyu, riyal talatin-talatin.

Kotu, 7:30

Lamba ta arba'in da ɗaya muka samu. Awa uku a kan benci, ba abin da ya shiga cikina sai shayi. Da aka kira mu, ma'aikacin ya juya iƙamata.

"Kai ne uban?"

"Baffanta ne."

"Uban ya rasu?"

"Yana unguwar Sa'alaba, lafiyarsa ƙalau."

"Halas, shi ke nan. Ya zo da kansa kafin ƙarfe biyu."

Na soma yi masa bayanin al'ada, ya kira arba'in da biyu. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Sa'alaba, 11:45

Kilomita goma sha biyu, cunkoso ya cinye minti hamsin. Na tarar da Yaya a shagonsa, ya miƙe ƙafa yana cin gurasar tamis da ful, wato dafaffen wake. Na gaya masa kotu ta ce sai ya je da kansa.

"Ni in je in tsaya kan auren 'yar fari? Ina kunyata take?"

"Yaya, Balarabe bai san kunyarka ba. Yalla, tashi!"

Sai da ya wanke hannu, ya sake hula har sau biyu. Da ba yayana ba ne, da na ɗauke shi cak.

Kotu, 1:35

Alƙali ya dube shi. "Wa kake aurarwa? Faɗi sunanta."

Shekara ashirin da huɗu Yaya bai taɓa kiran sunan nan ba, "waccan" yake cewa. Ya dubi ƙasa, ya dube ni. Na nuna masa agogo.

"Hafsa," ya ce. "'Yata Hafsa."

Aka buga hatimi ƙarfe biyu saura minti tara.

Nuzla, 3:10

Mun iso lafiya, mun gode Allah, na gode wa shaidun da suka wuni da yunwa. A ƙofar gida na miƙa wa Hafsa takardar da na sha wuya a kanta. Ko kallonta ba ta yi ba.

"Baffa," ta ce tana share hawaye, "ashe ya san sunana."