Aljihun da Ba Ya Cin Ƙwai

A kasuwar Asabar ta ƙauyenmu, kusa da garin Osorno, wata tsohuwa na sayar da ƙwai. Sanyi ya ja baya, itatuwan tuffa sun yi fure, ni kuwa na fito cikin doguwar riga mai ɗinkin mutanen da, wadda na saya a birnin Santiago da na ƙudurta komawa karkara in zama manomiya. Kazata ɗaya tal, ita ma ba ta yin ƙwai.

Tsohuwar kuwa, wandon maza ne a jikinta, da takalmin roba, taɓo har ƙwauri. Yatsunta sun lanƙwashe. Ina jin ta shekara hamsin tana tatsar shanu.

Kwandona ya cika, sai ta miƙo gyara, ƙwai ɗaya, za ta saka mini a aljihu. Aljihun a ɗinke yake ruf.

"Na ado ne, Mama," na ce ƙasa-ƙasa.

Ta shafa leshin da ke bakin aljihun, ta jinjina kai.

"Rigar uwata ce sak. Sai dai aljihun tata yana cin ƙwai goma, har da ɗan tsako. Buɗe hannu, 'yata."

Haka na ratsa kasuwa, manomiya guda, tallabe da ƙwai ɗaya kamar jinjiri.