Hotunan da Ba a Zo Karɓa Ba

Ɗakin hoton kawuna yana bayan tashar jirgin ƙasa a Kafanchan, tsakanin wani tela da mai sayar da busasshiyar citta. Tun ina ƙarama nake shiga wurin in zauna gaban labulen da aka zana wa teku da bishiyar kwakwa, ko da yake a gidanmu babu wanda ya taɓa ganin teku. Lokacin da nake karatu a kwalejin Gidan Waya idon Kawu ya fara raguwa, mutane kuma sun koma ɗaukar kansu da waya, sai ya ce zai rufe. Da na zo hutun damina ya jawo wasu akwatunan ƙarfe daga ƙarƙashin tebur ya buɗe mini.

Hotunan da ba a zo karɓa ba ne. Mutum ya yi wanka, ya sa kayansa masu kyau, ya zauna an ɗauke shi, an ce ya dawo jibi, shi ke nan ba a sake ganinsa ba. Kawu bai taɓa zubar da ko ɗaya ba.

"Ina so su koma gida," in ji shi. "Ke da kika iya kwamfuta, ki sa mini su a waya. A tura wa mutanen ƙauyuka da na coci, ko wani zai gane nasa."

Na daɗe ina sa su a na'urar sikan ɗaya bayan ɗaya har suka shiga kwamfuta. Sai dai kowane hoto ya fito da nauyi. In na tura ɗaya a waya sai ya tsaya yana juyi har mu gama cin masara bai tafi ba. Dole a rage girmansu. Na fara yi da hannu: in buɗe, in rage, in ajiye, in rufe. Kafin azahar wuyana ya ƙage, ban ko ci rabin akwatin farko ba.

Nan na tuna wata ƙawata a makaranta, mai haɗa katin aure. Ta taɓa nuna mini cewa manhajar gyaran hoto tana iya koyon aiki. Za ki danna mata ta kalle ki, ki yi wa hoto ɗaya abin da kike so, ki tsayar da ita. Daga nan ki nuna mata inda sauran suke da inda za ta zuba ƙananan, ita za ta yi saura.

Gwajin farko ya ba mu dariya. Na ba ta awon tsawo da na faɗi duka, sai ta matse kowa cikin awo ɗaya. Wani fasto dogo siriri ya fito gajere mai kumatu kamar kabewa. Kawu ya kawo fuskarsa dab da gilashin kwamfutar, ya yi ta dariya har da tari.

"Wannan bawan Allah bai taɓa ƙoshi haka ba a duniya."

Na goge, na sake koya mata: ta rage gefen da ya fi tsawo kawai, ɗayan ya bi shi yadda yake. Na danna.

Ana ruwa a ranar, irin siririn ruwan nan da ba ya ɗaukewa. Ta ƙofa ina hango dutsen Kagoro, gajimare ya rufe kansa. Ƙamshin citta yana shigowa daga maƙwabta. A gilashin kwamfuta kuma fuskoki suka fara buɗewa suna rufewa da kansu, babu hannun kowa. Amarya da farin mayafi ta leƙo ta wuce. Ma'aikatan jirgi da hulunansu. Matan zumuntar coci sun yi anko, ɗaya ta rungume tulun kiɗa. Wani soja, wata ungozoma, tagwaye a kan cinyar kakarsu, wani manomi da ya sa kwat a kan ƙafa babu takalmi. Kowa ya tsaya kamar ƙiftawar ido, ya dube mu, ya ƙanƙance, ya ba na bayansa wuri. Sai na ji kamar ina zaune a bakin tasha jirgi yana wucewa a hankali, kowace taga da fuska, dukansu kuma ni suke kallo. Ban san lokacin da na daina jin ƙarar ruwa a kan kwano ba.

Kawu ya ɗora hannunsa a kan kafaɗata. Can ya ce, "In ta rage su, me take cirewa a jikinsu?"

"Ba ta taɓa na asali, Kawu. Manyan suna nan. Waɗannan na tafiya ne."

Ya gyaɗa kai. Da aikin ya ƙare, gilashin ya koma fari, sai ya ce, "Sake."

"Ai ta gama."

"Na sani. Sake dai, 'yata."

Na buɗe sabon wuri na sa ta sake yi, ba don komai ba sai don ya kalla. A karo na biyu ya riƙa magana da su ƙasa-ƙasa da yarenmu, yana gaishe su, yana tambayar wasu ina suka shiga.

Muka tura. Yanzu ba sa tsayawa, suna fita kamar tsuntsaye. Daga wayar Kawu suka shiga ta wasu, daga can ban san inda suka kai ba. Mutane suka fara zuwa jefi-jefi. Wani ya gane mahaifiyarsa, wata ta gane kanta ta rufe baki da zani.

Wata ranar kasuwa wata tsohuwa Bafulatana ta shigo tare da 'yarta, daga wajen Samaru Kataf suka hau mota. 'Yar ta miƙo waya. Hoton wani saurayi ne da malfa, ya ratsa sanda a bayan wuya ya rataya hannuwa a kanta, yana murmushi gefe guda.

"Maigidana ne," in ji tsohuwar, da Hausarta mai gardin Fillanci. "Ya rasu da daɗewa. Ba ni da hotonsa ko ɗaya."

Na shiga akwati na nemo na asalin. Ta goge hannuwanta a zani kafin ta karɓa, ta matsa bakin ƙofa inda akwai haske. Ta daɗe tana kallo.

"Ya taɓa ce mini ya shiga ɗakin hoto a Kafanchan, ranar da ya kawo bijimi kasuwa. Na ce ƙarya yake, in gaskiya ne ina hoton? A shekarar muka tashi da shanu, ba mu sake bi ta nan ba." Ta sa ɗan yatsa a bakin malfar. "Wannan ta wana ce. Aro ya yi."

'Yar ta yi dariya, hawaye na zuba. Kawu ya ce, "Inna, tunda kin zo, zauna in ɗauke ki ke ma."

"Ni? Da wannan tsufan?"

"Da shi."

Ta ƙi, ta sake ƙi, sannan ta gyara ɗankwali ta zauna a kan kujerar, ta ɗora hoton mijin a kan gwiwa yana fuskantar kyamara. Kawu ba ya gani sosai, don haka ni na saita masa, shi ya danna. Ta tambaya ko ta yi kyau. 'Yarta ta amsa mata da Fillanci, ban ji abin da ta ce ba, amma tsohuwar ta kai mata dukan wasa a hannu.